Tsagar Kunnen Hagu

Duk gidan da na shiga duba yaran riƙo, kafin in gama cire takalmi an fara jero mini kaya. Ga sabuwar katifa ko ledarta ba a cire ba, ga jakar makaranta, ga atamfar sallah. Wata mata a unguwar Mairi har gwangwanayen madarar da aka shanye take wankewa ta ajiye mini a kan taga. Ban ga laifinsu ba, mu muka koya musu.

Sunana Phebe, 'yar Biu ce ni, kuma ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya a Maiduguri wadda gwamnati ta ba tallafi don kula da yaran da rikici ya raba da iyayensu. Maimakon a tara su a gidan marayu, sai a samo musu gidajen da za su riƙe su, a riƙa tura kuɗin abinci da makaranta da magani duk wata. Sharaɗin guda ne, kuma an faɗe shi da Hausa, an faɗe shi da Barbarci, an maimaita da Larabcin Shuwa: kuɗin nan a jikin yaro zai ƙare. Ba a jari da shi, ba a sayen dabba, ba a gyara katanga. Aikina in je in gani da idona. Aikin ya dace da ni, don tun ina ƙarama mahaifiyata take cewa ko tukunya aka rufe sai na buɗe na leƙa.

Gida ɗaya ne ya gagare ni, gidan Alhaji Habib, dillalin shanu da ke zaune bayan Kasuwar Shanu. Iyayensa makiyaya ne, shi ne ya shigo gari ya zauna. Yarinyar da yake riƙo sunanta Ammatullahi, shekarunta ba su kai goma ba. Ba jininsa ba ce. Ubanta, Ajimi, makiyayi ne da Alhaji ya daɗe yana sayen shanu a hannunsa. Rana ɗaya aka kashe shi aka kore garkensa gaba ɗaya, uwar kuma ta rasu a sansanin 'yan gudun hijira. Alhaji ya ji labari ya je ya ɗauko yarinyar tun kafin mu san da ita.

A gidan nan ba a taɓa nuna mini ko allura ba. Rigar makarantar Ammatullahi ta yayarta ce ta gidan aka rage mata. Tabarma ɗaya take kwana da sauran 'yan matan, kwano ɗaya suke ci. Lafiyarta ƙalau, kumatunta sun ciko, malamarta ta ce ba ta fashin zuwa aji. Magana ce dai ba ta cika yi ba. To ina kuɗin yake zuwa?

Na tambayi matar gidan, Hajja Gana. Ta tura mini kofin shayi da farantin dabino ta ce, "Malama Phebe, wannan sai Alhaji."

Na tambayi Alhaji. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Yana nan."

"Yana nan ina, Alhaji?"

"Yana nan lafiya lau, alhamdulillahi. Ki sha shayinki kada ya huce."

Na sha shayin gidan nan har na fara gane ranar da citta ta yi yawa, amsa kuwa ba ta canja ba.

Har na so in bar maganar, don yarinya tana cikin rufin asiri, sai shugabanmu Malam Mikail ya tara mu a ofis. Ya ce wa'adin tallafin ya kusa ƙarewa, masu bincike za su zo kafin a sabunta. Duk gidan da ba a ga inda kuɗin ya shiga ba, za a ɗauke yaron a mayar da shi gidan marayu, don kada gida ɗaya ya jawo a rufe wa saura. Yana faɗa yana kallona ta saman tabarau. Na san yadda Ammatullahi take maƙale wa gefen zanen Hajja Gana in baƙo ya shigo. A ɗauke ta daga nan, an sake mayar da ita marainiya karo na biyu.

Sai na fara sa ido da gaske, na kuma lura da abubuwa biyu. Duk ranar Asabar yarinyar ba ta gida, sauran yaran kuwa suna nan. Sannan wata Juma'a da yamma ina zaune a tsakar gida na hange ta ta lallaɓa madafa, ta ɗebi kanwa ta ƙulle a bakin hijabinta, tana waige-waige. Me yarinya za ta yi da kanwa? Ba girki take ba. Zuciyata ta tafi wurare marasa kyau. Na taɓa samun gidan da ake tura yaron riƙo korar tsuntsaye a gonakin shinkafa na Zabarmari, 'ya'yan gidan suna kallon talabijin. Na ce a raina, Alhaji, in haka ne, duk shayinka ba zai cece ka ba.

Washegari da safe na tari keke napep na dira a ƙofar gidan ba sanarwa. Na tarar da akori-kurar Alhaji a kunne, Ammatullahi tana gaba ta riƙe bakin hijabinta gam. Alhaji ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya yi ɗan murmushin wanda aka kama da hannu a kwano.

"Tun da kin zo, ki shigo," ya ce. "Dama na san ba za ki bar ni in huta ba."

Muka ɗauki hanyar Khaddamari. A shingen sojoji aka leƙa mu aka ɗaga hannu, da alama sun saba da motar. Ni kuwa ina kallon yarinyar. Tun da muka bar gari ta miƙe zaune, ta kafa ido a gaba, ƙafarta sai rawa take a ƙasan mota.

Daf da garin muka sauka titi zuwa wani fili mai itatuwan ƙaya, inda wani dattijo yake kiwon shanun mutanen birni. Motar ba ta gama tsayawa ba Ammatullahi ta dire. Ta ruga, ta tsaya a bakin garken, ta yi wani irin kira daga maƙogwaro, mai tsawo, mai lanƙwasa a ƙarshe. Ban taɓa jin muryarta ta kai haka ba. Daga tsakiyar shanun wata jar karsana ta ɗaga kai, ta ratso 'yan'uwanta ta nufo ta, cikinta ya fito sosai. Yarinyar ta kwance kanwar a tafin hannu, karsanar ta shiga lasa, ita kuma tana ta zuba mata zance da Larabcinsu na Shuwa kamar ta haɗu da ƙawar da suka daɗe ba su gana ba.

"Ga kuɗinku," in ji Alhaji.

Dariya ta so kama ni, tsoro ya danne ta. "Alhaji, kana wurin aka ce ba a sayen dabba."

"Ina wurin. A gaba ma na zauna."

"To me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na farko, da kin hana. Na biyu, mu ba ma zancen dabbar yaro a gaban mutane, baki yana kama ta." Ya jingina da motar. "Malama, abincin da yarinyar nan take ci nawa ne. In na karɓi kuɗin gwamnati na ciyar da ita, ta zama 'yar haya a gidana, kuma yarana za su sani. A wurinmu, ranar suna ake nuna wa jariri saniyarsa. Duk yaran gidana kowa yana da tasa a garken nan, har wanda yake jami'a. Da yamma sai su zauna suna gardama, tawa ta haihu, taka ramammiya ce. Ita kuwa sai ta tashi ta koma bayan ɗaki. Ita ma tana da tata, da ita aka kore garken ubanta."

Na ce, "Ai da ka ba ta daga cikin naka."

"Da na ba ta, kyautata ce, gobe wani a dangina ya ce a dawo da ita cikin gado. Wannan kuwa da sunanta kuɗin ya zo. Ba mai cewa uffan."

Ya yafito ni muka matsa kusa. Ya kama kunnen wata saniya ya nuna mini: yanka biyu a gefen kunnen dama. Ya nuna wata, haka. Duk shanun gidansa haka suke, alamar da ya gada ke nan daga kakansa. Sannan ya nuna jar karsanar. Kunnenta na dama lafiyayye ne. Na hagun ne aka tsaga daga tsini, tsaga ɗaya doguwa.

"Ranar da na kawo karsanar nan, na zaro wuƙa zan yi mata alamarmu," ya ce, ya rage murya. "Sai yarinyar nan ta riƙe mini hannu. Tun zuwanta gidana ban taɓa jin ta haɗa magana ba sai ranar. Ta ce, Baba, ba haka Abbana yake yi ba. Ta kama kunnen hagu ta ja yatsa. Na san alamar, na sayi shanu masu ita sun fi a ƙirga. Sai na tsaga inda ta nuna." Ya shafa wuyan karsanar. "Shanun Ajimi an watsa su, an yanka na yankawa. Iya sanina, a duk ƙasar nan wannan ce kaɗai ta rage da alamar gidansa."

Amma aiki aiki ne, kuma ƙarya ba ta cikin abin da zan iya kai wa Malam Mikail. Na gaya wa Alhaji gaskiya: masu bincike suna tafe, kuma abu biyu ne a gabanmu. Ko a sayar da karsanar a mayar da kuɗin, ko a ɗauke yarinyar. Kuskurena shi ne na ɗauka hankalinta yana kan saniya. Na manta yaron da ba ya magana kunnensa a buɗe yake.

Ta zagayo ta tsaya tsakanina da karsanar, tafin hannunta duk yawu da burbushin kanwa. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka ma da ya fi mini sauƙi.

"Anti," ta ce, "ki kai ni gidan marayun. Ita a bar ta."

Dattijon makiyayin ya juya baya ya shiga gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. Ni kuwa kunya ta rufe ni, har na ji jakar da ke kafaɗata ta yi mini nauyi. Alhaji ya daɗe yana kallon yarinyar. Sannan ya kira dattijon, ya nuna wani farin bijimi mai tozo da ke tsaye shi kaɗai a gefe, ya ce a ɗaure shi, gobe da safe mota za ta zo ta kai shi kasuwa. Dattijon ya buɗe baki zai yi magana, Alhaji ya ɗaga masa hannu. A hanyar dawowa ne na ji cewa bijimin daga tsatson saniyar da aka nuna wa Alhaji ranar sunansa ya fito, kuma an sha taya shi yana ƙi.

"Binti," ya ce wa yarinyar, wato 'yata da Larabci, "je ki wanke hannu. Ba inda za ki, ba inda za ta."

Ranar Litinin ya zo ofis da kansa ya mayar da duk abin da aka taɓa tura masa, ya ce a cire gidansa daga tsarin. Na zauna na ba Malam Mikail labarin tun daga kanwa har bijimi. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce tun da kuɗi ya dawo ba wanda zai taɓa yarinyar, mai unguwa ya sa hannu a kan riƙon, shi ke nan. Da masu bincike suka zo, suka yaba da katifu da jakunkuna, aka sabunta mana tallafin. Gidan Alhaji Habib ne kaɗai aka ambata a matsayin inda tsarin bai yi nasara ba. Na ji haushin wannan magana, har yau ma ina ji.

Ba ni da sauran dalilin zuwa gidan, amma ban daina ba, na riga na saba da shayin. Bayan damina Hajja Gana ta kira ni a waya ta ce in shirya ranar Asabar, Ammatullahi ta ce lallai sai da ni.

Jar saniyar ta haifi 'yar maraƙa, ja kamar uwarta, da ɗan fari a goshi. Dattijon ya kayar da ita ya danne, Alhaji ya zaro wuƙa ya yi bisimilla. Ni aka ba riƙon ƙafafun baya, na riƙe ina kau da kai, don ba na son ganin jini. Ammatullahi ta durƙusa ta kama kunnen hagu da hannu biyu, ta ja yatsa daga tsini zuwa inda take so a tsaya, kamar dai Alhaji bai sani ba. Shi ma ya bi yatsan nata a hankali kamar bai sani ba.

Da aka sake ta, maraƙar ta tashi tana karkaɗa kai ta ruga wajen uwarta. Yarinyar ta tsaya tana kallonsu, sannan ta juyo ta ja mini gefen mayafi.

"Anti," ta ce, "shanun Abbana sun zama biyu."