Makon Ejvind a Akurkin Kaji

Kajin layinmu ba na kowa ba ne, na ƙungiya ne. A nan garinmu na Faaborg in mutum uku suka ɗan jima suna hira a bakin shinge, to an kafa ƙungiya ke nan, saura zaɓen shugaba. Tamu ta gida shida ce, da akurki ɗaya a filin da ke bayan gidajen. Kowane gida da makonsa: ka buɗe wa kaji da safe, ka watsa tsaba, ka canza ruwa, ƙwan makon kuma naka ne.

Ejvind ne ya kafa ƙungiyar, yanzu ya haura tamanin. Tun da matarsa ta rasu ba abin da ke fito da shi waje sai makon nan nasa. Sauran makonnin yana bakin taga da rediyo. Ni gidana yana kallon nasa, don haka na sani, ba gulma ba ce.

Shugabarmu ta yanzu Bodil ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, macen da ba ta iya ganin datti ta yi barci. Ita ta sayo sabon mazubin ruwa mai murfi, fari tas, ta ce kaji ma halitta ne, su sha mai tsabta. Kajin suka zagaye shi suka duba, suka koma gindin indararo inda ruwan sama ke taruwa da taɓo da kashinsu, suna sha suna ɗaga kai sama kamar masu godiya.

Ran nan Bodil ta same ni ina shanya.

"Solvej, kin lura da Ejvind kuwa?"

"Me ya yi?"

"Ruwa yake zubarwa a ƙasa. Ya ciko bokiti, ya tsaya a gaban mazubin, sai ya juye a ƙasa ya tafi. Asger ma ya gani." Asger shi ne maƙwabcinta, mai 'ya'ya uku da keke mai akwati. Ta rage murya. "Mun yi tunanin mu naɗa shi memban girmamawa."

Duk wanda ya taɓa zama a ƙungiya a ƙasar nan ya san wannan kalma. Ba ma korar mutum, ba mu iya ba, kunya ba za ta bar mu ba. Sai mu girmama shi. A ba shi fure da kwalbar giya, a tafa masa, a karɓe makulli. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni in raina ya ɓaci ba na iya ɓoyewa, shekara talatin na yi ina tuƙa bas.

Aka yi taron ran Lahadi da rana a lambun Bodil. Kofi ya zagaya, kek ɗin kirfa ya zagaya. Ejvind ya zo da taye a wuya. Ya ga furen da aka ɓoye a bayan kujera, ya ga kwalbar. Shi da kansa ya girmama mutum biyu a zamanin shugabancinsa, ya san warin abin. Ya zaro makullin akurki ya ajiye kusa da kofinsa, amma bai ɗauke yatsansa daga kai ba.

Bodil ta miƙe ta fara jawabi a kan hidimar shekaru.

Na ce, "Dakata, Bodil. Laifinsa za ki faɗa mana, ba yabonsa ba."

"Ba wanda ya ce laifi, Solvej."

"To me ya sa fure?"

Kowa ya duƙufa a kan kek ɗinsa. Asger ya yi gyaran murya ya ce ai batun ruwan ne, ana zubarwa a ƙasa, kuma lafiyar kaji tana wuyan kowa.

"Kai Asger, ka taɓa ganin kajin nan sun sha a wannan farin abin?"

"Ba na tsayawa kallo, ina da yara."

"To ku tashi mu je mu tambaye su."

Muka tafi gaba ɗaya, wasu da kofi a hannu. Bodil ta wanke mazubin da kanta ta cika shi da ruwan famfo. Ni kuma na ciko bokiti na juye a ƙasa, na taka wurin da takalmi har ya yi caɓi. Kajin suka sheƙo da gudu har suna tuntuɓe da juna. Wata jar kaza ta taka gefen mazubin Bodil ta haye ta faɗa cikin taɓon. Ba ɗaya da ta waiwayi mai tsabtar.

Na ce, "Ga shi nan. Mu ne ba mu san kaji ba, shi ya san abin da suke so."

Bodil ta daɗe tana kallonsu. Ta ce, "Ƙazamai." Sai ta ce a ɗaga hannu, domin ko a gaban akurki doka doka ce. Aka ɗaga, Ejvind ya ci gaba da makonsa. Furen aka ba ni, don kada ya lalace.

Muka taho gida ni da shi, a hankali, saboda gwiwarsa. Ina ta jin daɗin kaina.

"Ka ga yadda na yi musu, tsoho? Da ka buɗe baki ka faɗa musu da kanka ai da ba a kai nan ba."

"In faɗa musu me?"

"Cewa kaji sun fi son ruwan ƙasa."

Ya tsaya a bakin ƙofarsa yana jujjuya makullin a hannu.

"Yau na sani, Solvej. Tare da ku na gani."

Na dube shi.

"Cikowa nake yi, in zo in tsaya, sai in rasa ina ake zubawa. In duba nan in duba can. Bokitin kuma da nauyi." Ya gyara tayensa. "Bodil ta yi gaskiya. Ta yi shekaru a asibiti tana ganin masu mantuwa irinmu."

Ni kuwa ɗazu na cika lambu da surutu. Tausayinsa ya kama ni, tsoro ma ya kama ni, domin ba ruwa kaɗai ne aikin makon ba, akwai rufe ƙofa da yamma, kuma dila yana zagaya filin.

Ya miƙo mini makullin. "Ki kai wa Bodil. Ki ce na gode da girmamawar."

"Mayar aljihu. An ɗaga hannu, an gama."

"Solvej."

"Gobe zan ƙwanƙwasa maka mu tafi tare. Da yamma ma haka."

"Ke da kika tsani tashin safe."

"Na tsana, kuma zan yi ta mita duk hanya, ka shirya."

Ya mayar da makullin aljihu ya shiga gida. Na tsaya da fure a hannu har na ga ya zauna a bakin tagarsa, da tayen a wuya.