Ranar da Malam Zubairu ya kashe kwamfutarsa

Malam Zubairu ya gaji da hanyar Shagari. Gidansa Bodinga, makarantar da yake koyarwa tana Shagari, kullum shi ne bisa babur, har bayansa ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Da anka yi mashi canjin wurin aiki zuwa gida, abu ɗaya ya rage: ya miƙa aikin tsara jadawalin darussa ga Malama Basira, wadda za ta gaje shi. In ya miƙa, shi da hanyar nan sai gaisuwa.

Shi wannan jadawali ba da hannu yake yinsa ba. Wata manhaja ya rubuta da kansa cikin yaren kwamfuta da ake kira Lisp, tun wani kwas da ya yi a Sakkwato. Ita Lisp halinta daban ne. Kana iya buɗe ta ka bar ta a buɗe, kuna ta hira, ka ce gyara nan, ta gyara nan take. Haka Zubairu ya saba. Malami ya zo da kuka, sai ya buga gyaran kai tsaye cikin hirar, jadawali ya fito daidai, kowa ya kama gabansa. Kwamfutar kuwa ba ya kashe ta. Ya rufe murfi ta yi barci, ya kai ta wurin mai cajin waya in babu wuta, ya buɗe ya tarar da hira inda ya bar ta.

To, kwamfutar ofishin Malama Basira ba ta da Lisp, kuma ita ta ce ba ta koyo. Sai dai a dunƙule manhajar ta zama abu guda, ta danna kawai. Ran Lahadi da hantsi Zubairu ya zauna cikin zaure, ya buɗe baƙin allon nan da ake buga umarni, ya kira sabuwar Lisp ya ce ta karanta fayil ɗin manhajar ta dunƙule shi. Rubutu ya zubo, ya tsaya, abu ya fito. Ya kwafe cikin filashi. Daɗi ya kama shi, ya shafa kwamfutar ya ce, "Ke ma kin wahala, huta." Ya kashe ta gaba ɗaya.

Litinin ya isa Shagari da fara'a. Malama Basira ta sa filashi, ta danna, jadawali ya fito, ta manna a ɗakin malamai. Ba a jima ba sai ga Malam Mode, dattijon da ke koyar da Larabci, yana jan ƙafa.

"Zubairu, mi na yi maka? Ka aza ni darasin farko, ka san sai na sallami ɗalibaina na allo kahin in hito."

"Allah shi gafarta Malam, ai na gyara wanga tun bara."

"Ka gyara a ina? Tahi ka duba."

Kafin ya tashi, Malama Zuwaira ta leƙo da goyo a baya. "Malam Zubairu, don za ka tahi shi ne ka yi muna sallama da wuta? Ranar rigakahi ka cika min da aji, wa zai kai yarinyar asibiti, kai?"

Zubairu ya tsaya gaban takardar. Jadawali ne mai kyau, ba darasin da ya hau wani. Amma irin na farkon farko ne, tun kafin kowa ya kawo kukansa. Nan ya gane. Sabuwar Lisp ɗin da ya kira a baƙin allo ba ta san wata hira ba, abin da ke cikin fayil kawai ta karanta. Shi kuma gyare-gyaren nan bai taɓa mai da su cikin fayil ba, kullum sai ya ce gobe. Suna cikin hirar da ke buɗe, hirar da ya kashe jiya da hannunsa.

Ya fiddo kwamfutar ya kunna, ko da yake ya san amsar. Lisp ta buɗe fes, kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

"Malam, lahiya?" in ji Basira.

"Ta mance."

"Kwamfuta tana mantuwa?"

"Ni na ce ta huta."

Basira ta dube shi, ta dubi malaman da sunka fara taruwa bakin ƙofa, kowa da abin da zai faɗi. "To ni dai ban karɓi aiki haka ba. Ka gyara abinka, sannan ka miƙo."

Zubairu ya shiga lissafi. Wasu gyaran yana tune da su, wasu sun ɓace mashi: malamin da ke zuwa daga Mandera ba ya isowa da wuri in an yi ruwa, akwai kuma malamai biyu da ba a haɗa su hutu ɗaya, amma su wa da wa? Sai an sake tambayar kowa, kuma ba duka sunka zo ranar ba.

Ya jawo benci, ya buɗe fayil ɗin kansa, ba hirar ba. "Baba Mode, zauna. Faɗa min daga farko."

Dattijon ya faɗa, ya rubuta, ya adana, ya koma baƙin allo ya sake dunƙulewa, ya gwada a kwamfutar Basira. Darasin Larabci ya matsa zuwa bayan ƙarfe tara. Sannan ya kira Zuwaira.

Da la'asar ya ɗaure kwamfutar bayan babur. Basira ta biyo shi bakin ƙofa. "Gobe da wane lokaci?"

Ya dubi titin Bodinga, ya taɓa bayansa. "Kamar kullum," ya ce, ya buga babur.