Telan da Ba Ya Zama

Littattafan adabin da makaranta ta yi alkawari ba su iso ba, zango kuma ya yi nisa, sai Malama ta rubuta wa 'yan ajinta labari da kanta. A gefen gadon Inna ta rubuta shi, tsakanin ba da magani da canjin zanin gado. Tun da mahaifiyar tata ta faɗi a banɗaki ɓarin jikinta ya shanye, Malama ba ta sake sanin barcin kirki ba. Ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce ba da abinci a baki. Gari na wayewa ta bar ta a hannun maƙwabciya ta ruga makaranta.

Labarin gajere ne. Wani tela ne uwarsa ke kwance ba lafiya. Duk ranar da ya zo dubiya sai ya toge a bakin ƙofa, ya ce ya jiki, ya kalli agogo, ya ajiye ledar lemo ya juya, ya bar ƙanwarsa da ɗawainiya. Yayan Malama makanike ne, ba tela ba, ita kuwa a ganinta wannan ya isa ɓad da sawu.

Ranar darasin fankar ajin ba ta aiki, yara sai fifita suke da bangon littafi. Ta sa aka karanta labarin a bayyane, sannan ta jingina da tebur saboda ƙugunta da ke ciwo.

"To, wane irin mutum ne telan nan? Kada wani ya ce mini mugu ne ya koma ya zauna. Hujja nake so daga cikin labarin. Me ya faɗa, me ya aikata?"

Wani yaro da ake yi wa laƙabi da Lauya saboda son gardama ya miƙe tun kafin a kira shi.

"Malama, butulu ne. Hujjata agogo. Mutum ya zo wurin uwarsa yana kallon agogo, sai ka ce mai jiran mota a tasha?"

Aji ya kwashe da dariya. Wata ta ce lemon ma toshiyar baki ce. Wata ta ce ai ƙanwar ce jarumar labarin, Allah ya saka mata. Malama tana ta rubuta amsoshin a allo, tana jin wani daɗi-daɗi irin na mai sosa ƙaiƙayi. Sai da allon ya cika ta juyo, idonta ya faɗa kan 'yar yayanta da ke zaune kusa da taga. Yarinyar ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kuma yi dariya ba. Ta kifa takardar a kan benci ta ɗora hannu a kai. Ba wai Malama ta manta tana ajin ba ne, ta dai ɗauka yaro ba zai gane ba.

Da aka tashi, yarinyar ta karɓi jakar Malama kamar yadda ta saba, tunda hanyarsu ɗaya. Sun wuce shagon mai faci, sun tsallaka titi, sannan ta yi magana.

"Gwaggo, Baba ne ko?"

"Labari ne kawai."

"Har ledar lemon ma kin saka."

Malama ta ci gaba da tafiya. Ƙafafunta sun yi nauyi, ga rana, ga ƙurar alli a maƙogwaro.

"Kin ce mu kawo hujja daga cikin labarin," in ji yarinyar, kanta a ƙasa. "Amma abin da kike gani daga cikin ɗaki kaɗai kika saka. In mun fito daga wurin Kaka, Baba ba ya tayar da mota. Sai ya kifa kai a sitiyari, mu yi ta zama har in gaji. Ya ce shi ba ya iya kallonta a haka."

"Ni ce mai iyawa kenan?" Muryar Malama ta tashi har wata mata ta waigo. Ta sassauta. "'Yata, kifa kai a sitiyari ba ya wanke zanin gado."

"Na sani, Gwaggo. Ni dai ba zan iya rubuta butulu ba. Ki ba ni sifili."

A mararraba yarinyar ta miƙa mata jakar ta yi hanyar gidansu.

Da yamma Yaya ya zo, da baƙin mai a faratansa da leda a hannu. Ya toge inda ya saba. Malama na zaune a bakin gado, hannu ɗaya ta tallafe kan Inna, ɗayan riƙe da kofin ruwa. Duk watannin nan ba ta taɓa roƙonsa komai ba, jira take ya gani da idonsa. Yau ko ƙarfin fushi ba ta da shi.

"Yaya, zo ka riƙe mata kofin nan. Hannuna ya sage."

Ya dubi bayansa kamar da wani ake. Sannan ya cire takalmi ya shigo. Da ya kai mata kofin baki, rabin ruwan ya bi wuyan Inna ya jiƙa matashi. Inna ta zuba masa ido, ta motsa baki da ƙyar, ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro. Ya amsa, fuskarsa a bango.

Bai daɗe ba. Ya ce akwai motar da ya yi alkawarin gamawa, zai dawo jibi. Da ya fita, Malama ta miƙe. Ta canza rigar matashin, ta juya Inna ɓangaren dama, ta jawo jakarta. Gobe tana da ɗaya ajin, su ma darasin nan ne, kuma ba ta da wani labarin da za ta ba su. Ta ɗauki biro ta zauna, amma kafin ta rubuta komai gyangyaɗi ya kwashe ta.