Rami Mai Faɗin Faranti

Da aka kawo maganar faɗaɗa ramin golf, Halfan bai ji haushin kowa ba kamar ƙanin matarsa, Darwish. Da wani matashi ne wanda ya koyi wasan a waya ya kawo ta, da da sauƙi. Amma Darwish! Mutumin da suke bugawa tare kowace Asabar tun gemunsu yana baƙi.

Filin nasu yana bayan gari, tsakanin duwatsu da hanyar Nizwa, kuma ko tsinken ciyawa babu a cikinsa. Kowa yana yawo da gutsuren koren kafet, ya shimfiɗa, ya ɗora ƙwallo, ya buga. Kewayen rami kuwa yashi ne da aka kwaɓa da mai aka daɓe, duk wanda ya taka sai ya bar sawu, shi ya sa ake jingine tsintsiya mai faɗi kusa da kowace tuta. Tsakanin Halfan da Darwish doka ɗaya ce: wanda aka ci a rami shi ke shara, wanda ya ci kuma ya tsaya a kansa riƙe da ƙugu yana yi masa tsiya har ya gama. In za a faɗi gaskiya, tsiyar nan ce take fito da su daga gida, ƙwallon dalili ne kawai.

To, tun bara hannun Halfan ya soma rawa. Bugun nesa bai gagare shi ba, har yanzu in ya maka wa ƙwallo sanda sai an sa hannu a goshi ana nemansa. Amma da zarar ƙwallon ya zo kamu ɗaya da rami, sai hannun ya ƙi jin magana, ƙwallon ya wuce ta gefe kamar bai san ramin ba. Ya yi shara har ya san wace tsintsiya ce mai karyayyen mariƙi. Wannan duk bai ƙona masa rai ba. Abin da ke cin sa shi ne Darwish ya daina dariya. Sai ya kau da kai ya dubi duwatsu, ya kira Halfan da laƙabinsa, ya ce, "Iska ce, Abu Saif." Iska, a ranar da ko tuta ba ta motsi! Halfan ya riga ya yanke a ransa: in dai tausayinsa aka fara ji, zai rataye sandunan ya zauna gida.

Ranar taron kulob, a ƙarƙashin rumfa, ana cikin gahawa da dabino Darwish ya miƙe.

"Jama'a, ku dubi rumfar nan, duk furfura ce. Ina 'ya'yanmu? Sun zo sau ɗaya, sun yi ta zagaye rami rana tana gasa su, ba su ƙara dawowa ba. A mai da ramin kamar faranti, wasa ya yi sauri, kowa ya koma gida da fara'arsa."

"Faranti?" in ji Halfan yana hararar Darwish. "Me ya sa za ka tsaya a faranti, Abu Mazin? Haƙa rijiya mana, mu riƙa jefawa daga cikin mota!"

Aka kwashe da dariya. Halfan ya gyara rawani ya ci gaba.

"Wasan nan duka a bakin ramin yake. A nan ake gane mai zuciya da mai cika baki. In ka cire wahalar, me ya rage? Yawo a rana da kafet a hammata."

"Ai kai ya kamata ka fi kowa murna, Abu Saif," in ji wani daga baya. "Ka huta da tsintsiya."

Aka sake dariya, amma ban da Darwish, wanda ya sunkuyar da kai yana juya ƙwallon dabino a tafin hannu. Halfan ya gani, abin kuma ya soke shi fiye da maganar. Shugaban kulob, Injiniya Hilal, mutum ne da ba ya son rigima, sai ya raba gardama: Asabar mai zuwa a haƙa manyan ramuka kusa da na da, a rufe ƙananan da murfi da yashi, a gwada a gani.

Halfan ya shiga gida yana huci. "Zuwaina, ƙaninki ya haukace."

Matar tasa ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba. "Ƙanina ya zo nan ranar da ka tafi Maskat. Ya tambaye ni ko likita ya duba hannunka."

"Ina ruwansa da hannuna?"

"Ya ce kai da ba a raba ka da gahawa, yanzu kofi ɗaya kake sha a rumfa. Mai zubawa yana ganin kofin yana kaɗawa a hannunka, sai ya zaci ka ce ya isa, ya karɓe. Kai kuma girman kai ya hana ka ce a ƙara."

Gaskiya ta faɗa, haka abin yake.

"Wato ramin nan nawa ne," in ji Halfan. "Ba na yara ba."

"Ni dai ban ce ba. Matsa, kana tare mini haske."

Kunya ta kama shi, haushi kuma ya biyo baya. A ce kulob guda za a haƙe saboda tsoho ɗaya ya kasa riƙe sanda!

Asabar ta zo, filin ya cika kamar ana rabon halwa. Matasa sun zo, har da 'yan mata, kowa ya jefa sai ihu. Halfan bai so ba, amma idonsa ya gane masa cewa rabon filin da irin wannan hayaniya an daɗe.

Shi ma ya buga. A rami na farko hannun ya yi rawarsa kamar kullum, ƙwallon ya karkace, amma ramin ya buɗe baki ya haɗiye. Na biyu haka, na uku haka. Darwish, wanda da ma bugun nesansa bai kai na Halfan ba, ya riƙa ɗaukar tsintsiya yana shara yana cewa, "Masha Allah, Abu Saif. Bugu ya yi kyau." Da ladabi, kamar mai gaida marar lafiya a asibiti. Halfan ya riƙe ƙugu don ya yi masa tsiya, ya buɗe baki, ya rasa abin faɗa. Yaya za ka yi wa mutum gori da abin da shi ya haƙa maka? Tunda yake bai taɓa cin wasa yana jin kaɗaici irin na ran nan ba.

A rami na ƙarshe ƙwallayensu biyu suka sauka kusa da tuta. Halfan ya tsaya yana kallon farantin nan. Sai ya taka gefe, ya sa takalmi yana tone yashi har murfin ya bayyana. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗage shi, ya ciro tutar ya kafa ta a ƙaramin ramin.

"Wannan za mu buga."

"Haba, mijin yaya, ai yau an ce..."

"Na ji abin da aka ce. Buga."

Darwish ya buga, nasa ya faɗa. Saura Halfan, kamu ɗaya tak. Ya sunkuya, ya riƙe sanda da hannu biyu, ya ja numfashi. Hannun ya fara. Ya jira ya lafa, ya ƙi. Ya buga haka nan. Ƙwallon ya je bakin ramin, ya zagaye shi, ya leƙa ciki, ya dawo ya tsaya kusa da babban yatsan Halfan.

Darwish ya dubi duwatsu. "Isk..."

"Ka ce iska, wallahi ba za ka ƙara ganina a filin nan ba!" Muryar Halfan ta fashe har matasan da ke jira a baya suka juyo. "Mutuwa na yi? Hannu ne yake rawa, Abu Mazin, ba kunne ba. Na zubar da bugun da akuya za ta jefa da ƙaho, kai kuma kana kallon dutse. Faɗi abin da ke bakinka!"

Darwish ya dube shi, idonsa ya ciko. Leɓensa ya motsa, ya cije, ya sake motsi. Sai dariyar ta ƙwace masa, irin ta da, mai haɗe da tari, har ya dafa gwiwa.

"Akuya? Ka zagi akuya! Yayata da ludayin miya za ta jefa wannan, idonta a rufe! Ƙwallon ma ya leƙa ya ga ba kowa, ya dawo ya kawo maka rahoto!"

"Marar kunya."

"Ungo, tsoho." Ya miƙa masa tsintsiya, ya koma ya riƙe ƙugu. "Ka share da kyau, mutane na jira."

Halfan ya karɓa, mai karyayyen mariƙin ce. Ya fara jan ta a kan yashin, hannun yana rawa, layin yana fita a karkace.

"Dubi, dubi!" in ji Darwish yana share ido da gefen rawani. "Shara aka ce ka yi ko rubutu?"

Halfan ya juya masa baya don kada ya ga fuskarsa, ya ci gaba da shara a hankali, a hankali, don kada tsiyar ta ƙare da wuri.