Kwalbar Ettore

Duk mai sayar da giyar inabi a Cuneo ya san ba a sayen ta Delfino da waya. Tsohon ba shi da dillali, ba ya aika kaya. In an gama tsinkar inabi yakan kira mutanensa su hau tudu su ci abinci a teburinsa, a nan yake yanka wa kowa kasonsa na shekara. Wanda ya ɓata masa rai ya fita ke nan, masu jiran gurbi kuwa ba sa ƙirguwa.

Tun kafin a haifi Ornella mahaifinta Fiorenzo yake hawa tudun nan. Kwalaben da yake saukowa da su ne ginshiƙin shagonsu. Don su likitoci da lauyoyin Torino suke tako hanya, su sayi ɗaya su adana ta shekara da shekaru, kan su fita kuma sun haɗa da wasu kayan. Ban da su, shagon ba shi da abin da babban kantin bakin titi bai fi shi ba. Bana shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Fiorenzo, baki ya karkace, magana ta ƙi. Da Ornella za ta fito ta hau tudun a madadinsa sai ya kama ta da hannunsa mai lafiya, ya ɗora yatsa a leɓensa. Ta gane. Ki ci, ki sha, ki kama bakinki.

Ta iske teburin cike da maza. Gualtiero, mai gidan cin abinci a Milano, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kason mahaifinta, shi ya fara tare ta.

"A'a! 'Yar makaranta aka turo mana? An ce har takardar shaidar shinshinar giya aka ba ki."

"An ba ni," in ji ta, tana jan kujera. "Kai kuma tumbi aka ba ka. Kowa da rabonsa."

Aka kwashe da dariya, har Delfino ya ɗan motsa gashin baki. Ya tambayi jikin Fiorenzo, ta ce da sauƙi. Aka ci taliya mai ƙwai, aka ci naman sa da ya kwana a wuta, aka zaga da cuku. Ornella ta ci kaɗan, ta yi magana kaɗan, ta fara ganin kamar za ta sauka lafiya.

Sai tsohon ya miƙe ya nufi ɗakin ƙasa, teburin ya yi tsit. Ya dawo rungume da kwalba mai ƙura. Ta Ettore ce, ɗansa tilo, giyar da ya haɗa shekarar da motar noma ta kife da shi a gangaren gona. Kowace shekara Delfino yakan buɗe ɗaya, ya bi baƙinsa ɗai-ɗai ya ji abin da za su ce. Sai an gama wannan ake zancen kaso.

Tun kafin kofin ya kai bakinta Ornella ta ji. Wari ne irin na kwalin da ruwa ya jiƙa a ɗaki rufaffe. Toshiyar kwalbar ta ruɓe, ta kashe giyar. Ta ɗaga ido ta ga kowa ya ji, wani har ya kawar da hanci a fakaice. Delfino kaɗai ya shaƙa ya lumshe ido. Hancinsa ya daɗe da mutuwa, garin duka ya sani, ba wanda ya taɓa faɗa masa.

"Kai, wannan ai sai a coci," in ji na farko.

"Bana ta fi bara buɗewa," in ji na biyu, ya haɗiye da ƙyar.

Gualtiero ya dafa ƙirji. "Baba, kamar Ettore na zaune tare da mu."

Layi ya zo kanta. Ta tuna mahaifinta a kwance, ta tuna katakan shago da za su zauna fayau. Kalma ɗaya ake nema, ba ta fi ƙarfinta ba. Amma ta san Ettore. Shi ya fara ɗora ta a kan ganga tana yarinya, ya tsoma yatsa ya ɗiga mata a harshe. Ta sha wannan giyar tasa lafiyayya, ta san abin da ya bari a duniya.

"To, 'yar Fiorenzo?" in ji Delfino.

"Baba, Allah ya ji ƙan Ettore. Amma ba aikinsa ba ne a kofin nan. Toshiya ta ɓata ta. A ɗauko wata, mu sha tasa ta gaskiya."

Wani ya ajiye cokali a hankali. Tsohon ya sake kai kofin hancinsa, ya daɗe. Ornella ta ga lokacin da abin ya shige shi: ba zancen kwalba ɗaya ba ne, hancinsa ya mutu, baƙinsa kuma ƙarya suke yi masa. Ya juya ga Gualtiero.

"Haka ne?"

"Haba Baba, zancen yara za ka bi? Boko ne ya toshe mata hanci." Ya ɗaga kofin ya shanye tas, ya lashe baki.

Delfino ya bi sauran da kallo. Kowa ya sami abin dubawa a farantinsa. Sannan ya dawo kanta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ubanki mutumin kirki ne, don shi zan ba ki hanya. Shanye kofinki, ki ce kin yi kuskure, ki tafi da kasonsa."

Ta kama ƙafar kofin. Na kusa da ita ya raɗa mata, "Ke, sha mana, guba ce?"

Ta tura kofin tsakiyar tebur.

"Ban yi kuskure ba, Baba."

"Gualtiero," in ji tsohon, bai ƙara dubanta ba, "ka nemo babbar mota bana, kason Fiorenzo naka ne."

Ba wanda ya raka ta. Ta sauko tudun ana yayyafi, akwatunan da ta kawo don lodi suna ta karo da juna a bayan mota. A wata kwana ta tsaya, ta kifa kai a sitiyari har numfashinta ya daidaita, sannan ta goge fuska ta ci gaba.

Fiorenzo na jingine da matashi yana jiran ƙarar kwalabe. Da ya ga ta shigo hannu rabbana sai idonsa ya tsaya a kanta. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta zauna a bakin gado ta faɗa masa duka, har sunan wanda ya karɓi kason. Wani sauti ya fito daga maƙoshinsa, ya juya fuska bango.

Ta je ta ɗumamo miya ta dawo.

"Baba, lokacin cin abinci ya yi."

Bai motsa ba.

"Ka yi fushinka, kana da gaskiya. Gobe zan buɗe shago. 'Yan Torino in sun zo ni zan tare su, ni zan faɗa musu babu. Wanda zai tafi ya tafi."

Ta zagaya ta ɓangaren bango, ta durƙusa, ta kai cokalin bakinsa. Ya datse leɓe, hawaye na bin gefen da ya mutu. Miyar ta huce a cokali, ta zubar ta ɗebo mai zafi. Hannunta ya fara sanyi, ta tallafe shi da ɗayan, ba ta sauke ba. Can dai ya buɗe baki.