Hoto Ɗaya, Masana'anta Biyu

"Ta sake cika?" Ghali ya leƙo ta kafaɗar ƙanwarsa. "Goge komai mana, injiniyar gidanmu!"

Mas'uda ba ta kula shi ba. Ita ke kula da shafin da suke tallar jakunkunan mata, kuma hotunan samfur duk a Git take adana su, manhajar nan mai tuna kowane canji da aka yi wa fayil. Yau kwamfutar ta ƙi karɓar komai, sai ta sa ta zaƙulo fayilolin da suka maimaitu.

Nan ta yi turus.

"Yaya, hoton da Chen ya turo da wanda Lin ya turo, lamba ɗaya Git ta ba su."

"To, ai jaka iri ɗaya na ce su ɗinka."

"Ba kama suka yi ba. Hoto ɗaya ne, waya ɗaya ta ɗauka."

Ghali ya ajiye shayinsa. Da gangan ya raba odar jakunkunan Sallah tsakanin masana'antu biyu, ta Chen da ta Lin, a nan Shiling, garin masu ɗinkin jaka, don in ɗaya ta makara ɗaya ta fitar da shi kunya. Ga shi jibi za a rufe kwantena, kuma kullum sai ya kira kowannensu ya ce ɗayan ya kusa gamawa.

Mas'uda ta tono bayanan da ke cikin hoton, ta ga inda aka ɗauke shi. Ba adireshin Chen ba ne, ba na Lin ba.

"Tashi mu gani da idonmu," in ji ta.

Tasi ta sauke su a wani lungu mai warin fata da gam. A bene na uku suka tarar da kekunan ɗinki shida da tsibi biyu na jakunkuna, duk babu hannaye. Wata dattijuwa mai almakashi ta dubi hoton, ta kwashe da dariya, ta yi magana cikin wayar Mas'uda. Wayar ta fassara.

Ghali ya matsu. "Me ta ce?"

Mas'uda ta cije leɓe. "Wai duk ita suke kawo wa aikin. Da safe Chen ya kira a ajiye na Lin, da rana Lin ya kira a ajiye na Chen. Wai wani laoban ne, wato oga, baƙar fata ke tayar musu da hankali."

Wayar Ghali ta yi ƙara: Chen. Ya dube ta, ya kashe, ya jawo kujera.

"Tambaye ta, in an bar ta ta sarara, za ta gama kafin jibi?"