Adurukun Namori Konde

A ƙasar Bure ba a haƙa zinariya a ranar da aka buɗe sabon fili. Ranar ta rabo ce kawai. Haka aka yi a Farabani a shekarar da nake magana, bayan an gama kai shinkafa rumbu. Da hantsi Nfa Fajimba Kamara, damantigi, wanda filin yake hannun gidansu tun kaka da kakanni, ya yanka jan zakara a gindin suri, ya fasa farin goro, ya roƙi masu ƙasar su yi haƙuri da mu. Masu ƙasar su ne aljanun da zinariyar take tasu. Daga nan tomboloma, masu tsaron filin da dokokinsa, suka shiga awo da gorarsu.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Wanda aka auna wa wuri zai saro reshe mai ganye da hannunsa, ya kafa a tsakiya. Shi da kansa zai yi saran farko da diga, ba ɗansa ba, ba ƙaninsa ba, kuma kafin ganyen ya bushe. Kowace Litinin, ranar da ba a shiga rami, shugaban tomboloma yakan zaga wuraren da ba a taɓa ba, ya tsinki ganye ya murje a tafin hannu. In ya yi gari, a tuge reshen, wurin ya koma ga maƙwabcin da ya fi kusa. Ba a sauya reshe, ba a kuma taɓa na wani.

Namori Konde ya iso a makare. Ya haura hamsin, ya kuma yi rani da yawa yana haƙa ramukan da ba su ba shi komai ba sai ciwon baya. Ya tarar an yi wa kalgon bakin fili aski tas. Sai ya gangara wata tsohuwar garka da aka bari, ya saro aduruku daga shingenta, kaurinsa kamar damtsen mutum, ya fiƙe gindin, ya girke shi da dutse.

Maƙwabcinsa ta yamma shi ne Karifala Tarawale. Konde da Tarawale abokan wasa ne, ba sa haɗuwa su rabu salin alin.

"Konde, ɗaki za ka gina ko rami za ka haƙa?" in ji Karifala.

"Kai dai kula da tsinken sakacen da ka kafa, kar akuya ta haɗiye maka arziki."

"Bawana ya yi baki. Wake ne bai nuna da wuri ba, shi ya sa ka makara?"

"Ubangidanka ya tsaya karin kumallo ne. Kai da ka kwana da yunwa ai dole ka yi sammako."

Da yammacin ranar babur ɗin Namori ya zame a kan gadar katako, ƙashin cinyarsa ya karye. Aka haye da shi kogi zuwa wurin wani maɗori, wanda ya ɗaure ƙafar ya ce in aka motsa shi kafin ƙashi ya kama, to, a nema masa sanda ta har abada.

Washegari aka fara haƙa. Kowa ya yi saransa, wurin Namori kaɗai ya rage, da adurukunsa a tsaye.

Matarsa Saran tana cikin matan da ke jan igiya da wanke tsakuwa a ƙwarya. Ta je ta durƙusa gaban damantigi ta roƙa a bar ƙanin mijinta ya yi saran a madadinsa.

"'Yata, da ni na kafa dokar da na sassauta miki," in ji tsohon. "Samunta na yi."

Da labari ya kai wa Namori, ya ce a ɗora shi a kan ƙyaure a kawo shi, ko a kwance ne zai iya ɗaga diga. Saran ta ƙi. Ta ce ta yarda a rasa filin, ba ta yarda a rasa ƙafar ba. Sun yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta.

Ana cikin haka ramin Karifala ya kai ga tsakuwar da ake nema. Wankin farko ya nuna ƙyalli a gindin ƙwarya, kuma jijiyar ta nufi gabas, kai tsaye ƙarƙashin wurin Namori. Doka ta hana a ratsa ta ƙasa zuwa wurin da reshensa ke tsaye. Saboda haka Karifala ya tsaya a kan iyaka yana jira. Bai ɓoye ba. Ya haye kogi da goro ya duba Namori, ya gaya masa a gaban mutane.

"Konde, in ganyenka ya mutu zan karɓa. Gara ka ji daga bakina."

"Na sani. Da ni ne ma karɓa zan yi."

Ramin Karifala ya kuma kai ga ruwa, kamar yadda ramuka masu kyau sukan yi. Ya ɗauko hayar injin zuƙe ruwa. Maƙwabtansa na arewa da na kudu suka ce kada ɗigo ya shigo musu. Gabas ce kaɗai babu mai faɗa, sai ya miƙa tiyon can. Mata suka yi ta zuga Saran ta kai ƙara, an mayar da wurin mijinta fadama. Ta ce ruwa ne, zai bushe. Ta ci gaba da wankinta.

Shugaban tomboloma a lokacin Lansine Berete ne, dogon mutum mara yawan magana. Litinin ta farko ya tsinki ganyen adurukun ya murje, ganyen ya lanƙwashe, bai karye ba. Ya wuce. Ta gaba ma haka, sai dai ganyen ya fara rawaya. A lokacin duk rassan kalgon da aka kafa rana ɗaya da shi sun zama ƙirare, mata sun kwashe sun hura wuta. Mutane suka fara ratsewa ta wurin da safe kafin su shiga rami. Ganyayen suka riƙa zuba, har ya rage ɗaya tal a can sama, ya yi launin ƙasa, ya naɗe kamar taba.

Litinin ɗin da ta biyo baya, da wuya in akwai wanda ya zauna a gida. An kawo Nfa Fajimba, aka ajiye masa kujera. Saran ta tsaya can baya cikin mata. Karifala yana gaba, ya harɗe hannuwa.

Lansine ya miƙa hannu ya tsinke ganyen. Ƙarar murjewarsa ta kai kunnen na baya. Ya buɗe tafinsa ya nuna wa damantigi, iska ta ɗebe garin.

"Ya mutu, Nfa."

"To, cire."

Lansine ya kama turken da hannu ɗaya ya ja. Bai motsa ba. Ya gyara tsayuwa, ya sa hannu biyu, ya ja har jijiyoyin wuyansa suka fito. Ƙasar da ke kewaye ta ɗan ɗaga, ta tsage, ta koma. Na ga mutumin nan ya tuge turaku masu yawa, ban taɓa ganin ya sake kamu ba. Ya saki, ya durƙusa, ya share taɓon gindin da yatsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya cire hularsa.

Fararen saiwoyi ne, sirara kamar zaren saƙa, sun fito daga jikin icen sun nutse cikin ƙasa. Sama da su kaɗan, ta ɓangaren da ba ya kallon hanya, ɓawon ya tsage, toho ya fito da 'yan ganye kore shar, ba su kai faɗin farce ba.

A tsakiyar rani ake, ciyawa ta ƙone, ko'ina jar ƙasa ce da tulin tsakuwa. Na kusa suka ja da baya, na baya suka matso. Wata tsohuwa ta fara salati a hankali.

Nfa Fajimba ya ce a kama shi ya tashi. Ya zo ya sunkuya, bai taɓa icen ba.

"Kakana ya raba fili, ubana ya raba," ya ce. "Ban ji ɗayansu ya ce reshe ya taɓa kama ƙasa ba. Berete, yi abin da aka saba."

Lansine ya tsinki ganye ɗaya daga tohon, da ƙyar yatsunsa suka kama shi. Ya murje, ya buɗe tafinsa. Ya yi kore, da danshi.

Karifala ya yi gyaran murya. "Nfa, a gafarce ni. Ice ba ya toho a rani haka kawai. Wani ya ba shi ruwa."

"Gaskiyarka, Tarawale. Wa ya ba shi?"

Idanu suka bi sawun danshin daga gindin adurukun, ya ratsa iyaka, ya tsaya a bakin shuɗin tiyon da ke kwance gefen ramin Karifala. Shi ma ya bi da ido har ƙarshe. Ya sauke hannuwansa.

"Ni na shayar da shi," ya ce a hankali. "Safe da yamma. Da man injina."

A wata rana da an yi dariya. Ranar ba a yi ba.

"Ruwan ma ba naka ba ne," in ji tsohon. "Daga ƙarƙashi ya fito, daga wurin masu ƙasar. Mu awo kawai muke yi. Sun riƙe wa Konde wurinsa, ni ban isa in cire ba."

Ya koma kujerarsa. Da aka waiwaya neman Saran, ta riga ta kama hanyar kogi. Ko ta san abin da ruwan zai yi tun ranar da ta ƙi kai ƙara, an tambaye ta sau da yawa, amsarta ba ta sauya ba: ruwa ne, ta ɗauka zai bushe.

Lansine bai daina zagayensa ba. Kowace Litinin yakan zo ya tsinki ganye ya murje, ya nuna tafinsa, ya wuce, har mangwaro ya fara nuna. A lokacin ne Namori ya dawo, ya rame, yana dogara sanda, amma a kan ƙafafunsa biyu. Ya daɗe tsaye gaban adurukun, wanda ya riga ya yi rassa. Karifala ne ya miƙo masa diga.

"Ungo, macin wake. Na yi maka noma, saura ka ce in yi maka girbi."

"Aikin bawa ke nan. Gobe ka zo da igiyarka, ƙafar nan ba ta shiga rami bana."

A al'ada inda aka tuge reshe nan ake saran farko. Namori ya ba Saran sandarsa, ya matsa gefe, nesa da saiwoyin, ya dubi damantigi. Tsohon ya gyaɗa kai. Namori ya ɗaga digar ya sara.

Tare suka bi jijiyar, Karifala a ƙasa, Namori a bakin rami. Abin da suka samu ban sani ba, a Bure ba a tambaya. Da shekara ta zagayo aka buɗe wani fili, mutane da dama suka zo da aduruku, wasu har da butar ruwa a ɓoye. Lansine ya tuge su ɗaya bayan ɗaya, da hannu ɗaya.